Tambayoyi da amsoshi kan karatun tsara cikin gida da tafintancin maganar hannu

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ɗan ofishina da ke makarantarmu a nan Katsina ba ya rabuwa da ɗalibai da iyayensu. Yawanci zancen likitanci ne, ko lauya, ko aikin jinya. 'Yan shekarun nan sai ga wasu fannoni biyu sun fara kutsowa cikin hira: tsara cikin gida, wanda yara ke kira dekoreshan, da kuma tafintancin maganar hannu, wato fassara tsakanin kurame da masu ji. Na gaji da maimaita amsa ɗaya sau goma a rana, shi ya sa na zauna na rubuta su.

Malam, me ya haɗa waɗannan biyun har aka sa su wuri guda?

A takarda babu abin da ya haɗa su, sashensu daban, malamansu daban. Na haɗa su ne saboda kuskure ɗaya ake yi a kansu. Yaro ya ɗauka zai haddace handawut ya zuba a jarrabawa kamar yadda ya saba, alhali dukansu da ido da hannu ake koyonsu. Akwai kuma inda suke haɗuwa da gaske, zan zo kansa can ƙasa.

Tsara cikin gida ba jere ba ne? Me za a koya har a kwashe shekaru?

Wata Hajiya ce ta fara yi mini wannan tambayar, 'yarta na gefe ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Malam, ni da na yi wa 'ya'ya huɗu jere, wace makaranta na shiga?" Na ce, "Hajiya, ai ke gwana ce, kuma jere ilimi ne." Ban faɗa don in faranta mata ba. Matar da ta san yadda za ta dasa gado da kabad da madubi a ɗaki ƙafa goma sha biyu, ta bar wurin shimfiɗa darduma, ta jera kwanoni daga manya zuwa ƙanana har ido ya huta a kansu, ta san abin da littafi ke kira daidaito da tsari.

Inda makaranta ta ɗara shi ne tana fara aiki tun kafin kaya su iso. Ɗalibi zai koyi auna ɗaki da tef ya sauke shi a takarda bisa ma'auni, misali 1:50, wato santimita ɗaya a takarda na wakiltar hamsin a ƙasa. Zai koyi zana ɗaki kamar an cire rufin ana leƙensa daga sama, da zana bango kamar ana tsaye gabansa, da zana shi kamar an yanka ginin gida biyu. Daga nan sai ilimin launi, da haske, da halin kayan aiki: wane katako ke jure gara, wane fenti ke ɓarewa idan bango na tsatsafo da damina, wane tayil ke santsi a banɗaki. Akwai darasin awon jikin mutum, inda za ka gane dalilin da ya sa kantar kicin ke kaiwa kusan santimita 90, da dalilin da ya sa ƙofar da keken guragu zai bi take buƙatar faɗin kusan haka. Akwai lissafin kuɗi da ƙididdigar kaya. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ke nan, kuma idan tayil mai santimita 60 da 60 za a sa, guda 56 ne a lissafi, amma wanda ya san aiki zai ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Wanda bai ƙara ba zai koma kasuwa ya tarar irin launin ya ƙare.

Sannan dole ka fahimci wayarin da famfo gwargwado, don ka gaya wa mai wayarin inda soket zai zauna tun kafin a yi filasta. Sau nawa muka shiga sabon gida muka ga soket ya ɓuya a bayan kan gado?

A ina ake karanta shi?

A Najeriya ba kasafai ake samun kwas mai wannan suna tsantsa a matakin farko ba. Mafi yawan masu sana'ar ta wata ƙofa suka shigo: zanen gine-gine, ko fasahar zane-zane, ko tsara kayan masana'antu, ko kimiyyar kula da gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zanen gine-gine da na fasahar zane da na tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yadi da tangaran da gilashi, kuma duk sun daɗe. Wanda ya fi son hanyar foliteknik, difloma ta ƙasa shekara 2 ce, sai shekara guda ta aikin sanin makama, sai babbar difloma shekara 2.

A jiharmu muna da Foliteknik ta Hassan Usman Katsina, da ta Tarayya a Daura, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya a Dutsin-ma, da Alƙalam. Kafin ka cike fom, buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na shekarar ka ga abin da kowace ke bayarwa, sannan ka tabbatar hukumar da ke sa ido ta amince da kwas ɗin: NUC ga jami'o'i, NBTE mai hedikwata a Kaduna ga foliteknik, NCCE ga kwalejojin ilimi. Kada ka dogara da ji-ta-ji-ta ta majalisa.

Akwai kuma makarantu masu zaman kansu a Legas da Abuja da ke ba da horon 'yan watanni. Suna da amfani ga wanda ya riga ya yi wani karatu, amma takardarsu ba ta maye gurbin difloma ko digiri wajen neman aikin gwamnati.

Wane sakamako ake buƙata?

A jami'a kiredit 5 har da Turanci, a WAEC ko NECO ko NABTEB; sauran sharuɗɗan kuwa a duba kundin JAMB na shekarar. Mai son zanen gine-gine ya riƙe fizis da kyau. Mai son ilimin masu buƙata ta musamman, wanda ta nan ake shiga tafintanci, ya duba darasin koyarwar da zai haɗa da shi, domin shi ke tantance abin da zai rubuta a JAMB.

Ban iya zane ba. In haƙura?

A'a. Zanen ma'auni da rula da kwana ake yin sa, koyo ne kamar ɗinki. Wanda ya kamata ya haƙura shi ne mai ƙyuyar awo, mai cewa "ai kusan daidai ne".

Sai na mallaki kwamfuta?

A shekarar farko allon zane da fensir da rula da kwali da gam sun fi kwamfuta aiki, domin za a sa ka gina ƙaramin samfurin ɗaki da hannunka. Daga shekara ta biyu kuwa babu makawa. AutoCAD ne na zanen ma'auni, SketchUp na fitar da siffar ɗaki yadda mai gida zai gan shi, wasu kuma su wuce zuwa Revit ko 3ds Max. Waɗannan manhajoji suna cin ƙwaƙwalwar na'ura, don haka ƙaramar kwamfutar buga takardu za ta riƙa sandarewa. Iyaye su sani cewa kuɗin buga manyan takardu da sayen kayan samfuri kan zo a tsakiyar zango, lokacin da ba a shirya masa ba. Ba damfara yaron yake yi ba.

Duk hotunan da muke gani a Instagram na Dubai da Turkiyya ne. Ginin gargajiya yana da wuri a karatun?

Wannan ce tambayar da na fi so, kuma ita ce ba a cika yi mini ba. Ɗalibin da ke zaune a Katsina yana da ɗakin karatu a tsaye a gabansa. Ya je hasumiyar Gobarau ya ga abin da tubali da ƙasa suka iya. Ya shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 kuma yanzu gidan tarihi ce, ya ji yadda sanyi ke tarbarsa ana tsakiyar bazara babu fanka. Kaurin bango ne ke riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare, ga tagogi ƙanana, ga rufi mai tsayi. Ya ɗaga kai a tsohon soro ya dubi yadda aka jera azara, da yadda bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka, ke ɗaukar rufi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Idan ya samu zuwa Zariya, ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon masallacin Juma'a, na ƙarni na 19, wanda masana gine-gine daga ƙasashen waje ke zuwa kallo.

Tsarin gidan Bahaushe ma darasi ne. Zaure yana tare baƙo, ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje don kada mai wucewa ya hango tsakar gida, shigifa ta ƙara shamaki, turaka na gefe. Yanzu sai ka ga an kwafo zanen gida daga intanet, ƙofar falo na buɗewa kai tsaye ana hango kicin, matar gida ta rasa inda za ta bi idan maigida ya yi baƙi. Ƙarshenta a rataya labule a inda bango ya kamata ya tsaya. Duk ɗalibin da ya iya ɗaukar hikimar zaure ya sa ta a gidan bulo na zamani, ba zai rasa masu nemansa ba.

Haka batun yanayi. Kafet mai gashi da labule mai nauyi hawa uku suna da kyau a hoto, amma ka tambayi wadda ke share su a watan Janairu idan ƙurar hunturu ta sauka. Kujerar leda a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 ga babu wuta, azaba ce. Farin ƙwan fitila mai ƙarfi ya dace da kicin da shago, ɗakin kwana kuma mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi kwantar da ido.

Mu koma ɗaya fannin. Maganar hannu ba iri ɗaya ba ce a duk duniya?

Ko kaɗan. Kurman Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da cewa masu jin ƙasashen biyu Turanci suke yi. Na Amurka da hannu ɗaya yake harhaɗa haruffa, na Ingila da hannu biyu. Kowane yaren hannu yana da nahawunsa, kuma tun 1960 wani malami a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washinton, mai suna William Stokoe, ya nuna wa masana cewa cikakken harshe ne.

A nan Arewa tafinta yana tsakanin harsuna biyu na hannu. Akwai na makaranta, wanda ya samo asali daga na Amurka. Andrew Foster ne ya shigo da shi, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya gama Gallaudet a 1954, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashen Afirka har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Wannan yaren ne ya rikiɗe ya zama wanda ake gani a kusurwar talabijin lokacin labarai. Akwai kuma tamu ta gida, maganar hannu ta Hausa, wadda kurame ke gado daga juna a kasuwa da majalisa tun kafin zuwan boko, kuma masu ji da yawa sun iya ta gwargwado. Wata Bajamushiya masaniyar harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazari mai zurfi a kanta.

Abin da wannan ke nufi a aikace: za ka iya gama kwas da sakamako mai kyau, a kira ka fassara wa wani dattijo kurma daga ƙauyen Mashi ko Mai'aduwa wanda bai taɓa shiga aji ba, ka ɗaga hannu ka yi ta yi, shi kuma yana kallonka kamar kana kaɗa sauro. A irin wannan hali ƙwararru kan nemi wani kurma da ya iya duka biyun ya tsaya a tsakani.

A ina zan koya?

Ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman ake shiga, a zaɓi ɓangaren masu lalurar ji. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke garin Oyo, wadda ke aiki tun 1977, ita ce ta yi fice, kuma NCE, wato takardar shaidar malanta, shekara 3 ce. A matakin digiri akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da ta Ibadan. Kano ce ta fi kusa da mu. A jiharmu akwai makarantar kurame ta gwamnati a Malumfashi, wuri ne da ya kamata mai wannan niyya ya nemi izini ya ziyarta tun kafin ya cike fom.

Ka lura cewa waɗannan sassa malamai suke horarwa tun asali. Darasin yaren hannu wani yanki ne a ciki, tare da ilimin kunne da gwajin ji, da halayyar yara, da dabarun koyarwa, da koyarwar gwaji a makaranta. Ƙwarewar tafintanci kai za ka bi ta da ƙafarka, wurin kurame da ƙungiyarsu ta ƙasa, NNAD, da ƙungiyar tafintoci, ASLIN.

Me ya fi wahala a karatun?

Fuska. Ɗalibanmu, musamman mata, an tarbiyyantar da su a kan sunkuyar da kai da rashin ƙura wa babba ido. A yaren hannu kuwa gira da baki da kafaɗa nahawu ne. Ɗaga gira na mayar da zance tambayar e ko a'a, haɗe gira na tafiya da tambayar wa, me, ina. Wanda ya daskarar da fuska kamar mai magana ne da murya ɗaya babu hawa babu sauka. Kawar da ido daga kurma yana magana kuma daidai yake da toshe kunne.

Na biyu shi ne karanta hannun wani. Kowa ya fi saurin iya yi a kan iya ganewa. Na uku, fassara nan take: kunne na sauraron jimla ta biyu, hannu na fitar da ta farko, kuma sau da yawa mai magana Hausa yake yi alhali alamun da ka koya da kalmomin Turanci aka haɗa maka su. Idan mai jawabi ya ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa", ba gemu da wuta za ka nuna ba, ma'anar za ka kai. Aikin na gajiyar da ƙwaƙwalwa, shi ya sa a dogon taro ake sa tafinta biyu suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30.

Na iya haruffa da gaisuwa daga YouTube. Zan iya fara karɓar aiki?

Kada ka kuskura. A Disambar 2013, wurin taron makokin Nelson Mandela, wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana wurga hannu babu ma'ana, kurame a ko'ina suka yi ca. Wannan abin kunya ne kawai. Wanda ya fi shi muni na gani da idona a wani asibiti, inda na raka maƙwabcina. Wata kurma ta kawo ɗanta, wani saurayi mai kyakkyawar niyya ya ce ya iya, likita ya ce cokali ɗaya sau uku a rana, shi kuma ya nuna mata uku kawai. Allah ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta lura da yadda matar ta maimaita alamar, ta ɗauko takarda ta zana rana tana fitowa, tana tsaka, tana faɗuwa, da cokali guda a ƙarƙashin kowace.

Akwai kuma amana. Tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya ba da shawararsa, kuma abin da ya ji a ɗakin likita ko gaban alƙali ko wurin sulhun aure a nan yake barinsa. Kuramen gari sun san juna, magana ɗaya ta fita an gama da kai.

Kurma za a ce ko bebe?

Kurma. Yawancinsu lafiyar maƙogwaronsu ƙalau, ji ne babu. Da yawa a yankinmu da jinsu aka haife su, sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani ya tafi da shi, wasu ma sun fara magana kafin nan kuma suna yin ta har yanzu. Kuma idan kana magana da kurma ta hanyar tafinta, shi za ka kalla, ka ce "yaya jiki", ba "tambaye shi yaya jiki" ba.

Akwai aiki kuwa, ko takarda za a rataye?

Tafinta ƙwararre ya yi ƙaranci. A Janairun 2019 marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta kafa musu hukuma ta ƙasa, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga. Sashe na 36 na tsarin mulki ma ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Makarantu, asibitoci, kotuna, gidajen talabijin, hukumar zaɓe, ƙungiyoyin agaji, wuraren wa'azi, duk suna buƙata. Gaskiyar da zan ƙara ita ce da yawa suna son a yi musu a kyauta, "don Allah". Mafi yawan tafintoci albashin koyarwa ne ginshiƙinsu, fassara ƙari.

Mai tsara gida kuwa kasuwarsa tana hannunsa: gidajen amare, shaguna, ofisoshi, otal, wuraren biki. Zai yi aiki da kafinta da mai fenti da mai silin da tela, kuma ranar da ya nuna musu shi ɗan boko ne ya fi su, ranar aikinsa ya fara lalacewa. Watannin SIWES, wato zaman koyon aiki da asusun ITF ke kula da shi, a yi su a shagon da ake aiki da gaske, ba inda za a sa hannu a littafi a tafi gida ba.

Baba ya ce aikin maza ne, yawo a gidajen mutane.

Ki gaya wa Baba, cikin ladabi, cewa akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ya auna ba, kuma akwai kurma mai juna biyu da ba za ta yarda namiji ya fassara mata a ɗakin awo ba. In ya yarda, ki kawo shi ofis mu gaisa.

Ka ce akwai inda fannonin biyu ke haɗuwa.

A Gallaudet, daga 2005, wani mai zanen gine-gine, Hansel Bauman, ya zauna da ɗalibai kurame suka fitar da ƙa'idojin gina wuri domin wanda da ido yake sauraro. Baranda ta yi faɗi yadda mutum biyu za su jera suna kallon hannun juna. Kujeru su yi da'ira ko siffar kofaton doki, kowa na ganin kowa. Kada taga ta kasance a bayan mai magana, don fuskarsa za ta yi duhu. Bango ya zama launi mai laushi da ya bambanta da fatar mutum, kamar shuɗi ko kore marar ƙarfi, don hannu ya fito sarai. Ƙofa ta samu ɗan gilashi, ƙararrawa ta zama fitila mai walƙiya.

Na ba wasu ɗalibaina biyu wannan a matsayin aikin hutu, ɗaya mai son zane, ɗaya mai ƙane kurma. Suka auna ɗakin da yaron ke karatu a gidansu a Ƙofar Marusa, suka juya teburinsa ya daina ba ƙofa baya, suka rataya ƙaramin madubi a inda zai hango mai shigowa, suka matsar da ƙwan fitila daga bayan tabarmar da ake cin abinci zuwa samanta. Kuɗin da suka kashe na madubi ne da 'yar waya yadi uku. Yayar ta ce da daddare yanzu har da shi ake hira, da kuwa yana gama cin tuwo yake tashi.